Abin da Ya Toshe Iskar Motar Darakta

Ku samarin gareji na yanzu, da ku nake. Mota ta tsaya, mai ita ya ce ba ya jin sanyi, ku jawo tukunyar gaz, ku ɗaura tiyo, ku hura, ku buga murfi ku ce ya tafi. Jibi ya dawo, ku sake hurawa. Na ji ɗayanku yana cewa aikin iska ba aiki ba ne, wai ko tsohuwa ta iya. Bai yi ƙarya ba, tsohuwa ta iya. Shi ne dai bai iya ba.

Sunana Barira. A Tanut Inna mai kasko suke ce mini. Ban shiga lakol ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗa nake ana sawa a takarda. Amma na fi shekara ashirin ina shiga ƙirjin motoci, kaina ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna waje cikin zane, a bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas.

Aikina na farko tiyo ɗaya ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, makanike ne. Wurin masu manyan motocin Agadas ya koyi aiki, yana da rumfar kwano a bakin hanya, kan filin gidansu. Wata rana na kai masa fura na tarar da shi durƙushe a ƙofar wata tsohuwar mota, bayan hannunsa duk karce. Tiyon da ke kai iska ga fuskar direba ne ya zame can bayan allon gaba, inda agogunan mota suke. Hannun Malam kuwa irin na maƙera ne, ya ƙi shiga. Ya dubi nawa ya ce, "Ajiye ƙwaryar nan, cire warwaronki." Na cire. Ya ce in zura hannu har gwiwa in laluba wani abu mai kama da maƙogwaron rago. Na same shi yana reto, na mayar da shi bakinsa. Ya kunna fanka, iska ta bugi fuskar direban da ke zaune yana kallo. Direban ya ce, "Malam, ka ba matar nan taka rumfar mana, kai ka koma dama fura." Suka yi dariya. Ni ban yi ba, ina duban inda tiyon ya nufa.

Kada ku ce daga ranar na zama gwana. Shekara biyu ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wanki nake yi da kakkaɓa da jera kaya. Malam ba mai bayani ba ne, in na tambaye shi sai ya ce, "Idonki na ina lokacin da na cire?" Sai na koyi kallo. Duk abin da ya cire ina jera shi kan faifai yadda ya fito, na farko a dama, na ƙarshe a hagu, in zai mayar in miƙa masa daga hagu. Da haka na san hanyar iska. Tana shiga ta wata raga a gindin gilashin gaba. Fanka ta ja ta, ta tura ta cikin akwati. A akwatin akwai ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. In motar mai kilim ce, wato mai na'urar sanyi, saƙar nan ce ke yin sanyi har ta yi gumi, gumin ya bi wani ɗan tiyo ya ɗiga ƙasa. Bayan saƙa sai ƙananan ƙofofi da waya ke ja, wata ta buɗe wa fuska, wata ƙafa, wata gilashi. Gaz saƙar kawai yake sanyayawa. Ba ya tura iska ko taku ɗaya. Wannan ne ba ku gane ba har yau. A zamaninmu ma motoci masu kilim ba su fi a ƙirga da yatsu ba, na manyan ma'aikata da na wasu alhazai. Sauran duk fanka ce da tiyo, amma hanyar iskar ɗaya ce.

Kasko kuwa wata motar fasinja ta Gangara ce ta kawo shi. Ɓera ya shiga hanyar iska ya mutu. Mun fitar da shi, amma warin ya ƙi fita, har fasinja suna ƙin shiga gaba. Na koma gida na ɗauko kaskon turarena, na riƙe shi bakin ragar gilashi, na ce Malam ya kunna fanka ko ƙamshin ya bi ciki. Hayaƙin ya shige, amma bai fito ta fuska ba. Ta ƙafa ya fito duka, ga sandar da ke jan wayar kuwa an ja ta kan fuska. Na ce, "Malam, ƙofar nan ba ta bin waya." Ya ce wa ya gaya mini. Na ce hayaƙi. Ya buɗe, ga waya ta zame daga ƙugiyarta. Ya mayar da ita. Washegari dai da na zo babu kasko, sai ya tambaye ni ina na bar kayan aikina.

Iska ba a ganinta, shi ya sa kuke wasa da ita. Hayaƙi ne ke sa mata riga. In ya tsaya bakin raga bai shiga ba, ka duba raga ko fanka. In ya shiga ya tsiyayo ta ƙarƙashin allo, tiyo ya yage ko ya zame. In fanka na ihu amma hayaƙin ya fito siriri ta ko'ina, saƙa ta toshe. Kuma ba da hauka ake yi ba. Garwashi biyu, kasko mai murfi, inji a kashe, nesa da bakin tanki. Wani direba ya taɓa cewa zai gwada da kansa da wutar kara, na karɓe karan na taka shi. Sauran kayana ba su cika kwando ba: turnabis biyu na kwance ƙusa, wayar ƙafar keke da na lanƙwasa, gashin kaza, tsinken tsintsiya, famfon keke, da ɓallin madubi don ganin inda ido ba ya kaiwa.

Wata mota da ba na mantawa ta wani dillalin raƙuma ce na Belbeji. A shekarun nan Turawa kan keto sahara da tsofaffin motocinsu, su sayar a nan su koma gida ta jirgi. Ya sayi ɗaya, ya zo da rawani jiƙe da gumi, ya ce tana hura masa wuta a ƙafa ko ya kashe komai. An riga an gaya masa wai mai ita na farko a ciki ya mutu, har ya sa an yi mata tofi. Na sa ya tada inji, na jira ya yi zafi, na kai hannu na kama tiyo biyu da ke shiga ƙirjin motar. Duka biyun suka ƙona ni. Motar ƙasar sanyi ce, an yi mata ɗan murhu na ruwan zafi don ɗumama ƙafa, famfon da ke rufe ruwan ya ci tsatsa ya tsaya a buɗe. Na ɗiga masa mai, na bubbuga shi da ƙotar turnabis har ya juya, na ɗaure shi da waya a rufe. Mutumin ya ce, "Baiwar Allah, to in ina son ɗumin fa?" Na ce ya sauke gilashi, ƙasarmu ta Damargu za ta ba shi.

Akwai waɗanda in sun ga mace sai su ce a kira mai gareji. Ba na gardama. Sai in koma kan tayata, tsohuwar tayar mota da na mayar kujera, in zauna. Malam ya zo ya nuna musu hannunsa ya ce ba ya shiga. Wasu su tafi har Damagaram, su dawo da ciwonsu, su ce "Inna, ina wuni" da murya ƙasa-ƙasa. Rabin abin da nake fitarwa kuwa su suka sa da hannunsu. Direba ya cusa tsumma a bakin tiyo don kada yashi ya shigo, ya manta, tsumman ya zurma ciki. Wani ya ci gyaɗa ya zuba ɓawon kan allo. Wani ya tofar da ƙwallon dabino, ya faɗa cikin fanka yana ƙas-ƙas daga nan har Agadas. Sheƙar ɓera ba ta ƙara, fanka dai ta yi nauyi ta riƙa girgiza kujera. Kunne na aiki, hanci na aiki. Ido kuma ba motar kaɗai yake kallo ba, har mai ita.

Sai shekarar da damina ta ƙi, ta tamanin da huɗu. Wanda ya gani ba ya son a maimaita masa, wanda bai gani ba ko an faɗa ba ya ji. Gero ya tsiro ya ƙone yana jariri. Makiyaya suka gangaro daga arewa ba dabba, suka kafa tsummoki a bayan gari. Motocin fasinja suka ragu, motocin rabon abinci suka yawaita. A ƙarshen shekarar ciwon ƙirji ya ɗauke Malam, ya bar ni da ƴaƴa huɗu. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ranar da na fito, bazara ta kama gadan-gadan, na ɗauki kwandona na nufi rumfa.

Na tarar da wani mutum a ciki. Sunansa Sallau, makanike daga Damagaram, zai yi shekara talatin. Ya rataye takardar shaidarsa cikin gilashi a jikin ginshiƙi, ga tukunyar gaz, ga agogon awon gaz biyu, ja da shuɗi. Alhaji Laminu, wan maigidana, yana zaune kan benci. Filin nasa ne tun rabon gadon mahaifinsu.

Na durƙusa na ce, "Yaya Alhaji, ina kwana."

"Lafiya lau. Barira, an fita lafiya? Allah ya jiƙan ƙanena."

"Amin. Wannan bawan Allah fa?"

"Shi zai riƙe rumfa. Da can kina bayan mijinki, ba wanda ya ce komai. Yanzu mace ba miji, kwance cikin motar maza a bakin hanya, ban ga kyansa ba. Ki zauna gida. Abincinku na wuyana."

Na ce, "Da wane geron?"

Duk Tanut an san rumbunsa kamar na kowa yake. Rumfar nan ita ce tukunyar ƴaƴana, shi ma ya sani. Na jawo tayata bakin rumfa na zauna. Kullum da safe in zo in zauna, da yamma in tashi. Kwana tara ba wanda ya ba ni ko ƙusa in kwance.

Ranar goma wata farar mota doguwa ta masu rabon abinci ta tsaya. Mai kilim ce. Babbansu ke shiga cikinta, wani mutumin Yamai da suke kira Darakta. Direbansa Malam Isufu ne, mutumin Ollelewa, manomi kafin ya zama direba, ba mai yawan magana ba. Zuwansu na uku ke nan. Sau biyu Sallau ya hura gaz. Darakta ya fito rigarsa manne da bayansa, ya ce shi kullum yana hanya tsakanin Tanut da Belbeji, in ya sauke gilashi yashi ya cika masa takardu, in ya rufe ya dahu. Sallau ya sake jawo tukunyarsa.

Daga kan tayata na ce, "Ba gaz ba ne."

Sallau ya ce, "Inna, wannan ba motar Gangara ba ce. Akwai agogo."

"Agogonka ya gaya maka gaz na nan. Ya gaya maka ina iska take? Fanka na ihu tun daga nan ina ji, ga gashin hannun mutumin ko motsi bai yi ba."

Darakta ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce shi ko akuya ce za ta gyara masa a ba ta. Na tashi na kakkaɓe zane na ce, "Yaya Alhaji, in na fito da iskar nan, rumfa ta dawo hannuna."

Sallau ya yi sauri ya ce, "Alhaji, gaz ɗina ne bai gama zama ba. Yanzu ta taɓa nan ta taɓa can, iska ta zo don kanta, ta ɗebi ƙasa a tafin hannu ta ce ita ta fitar."

Alhaji ya ja carbinsa ya ce, "To ga yadda za a yi. Abin da kika fitar ki ajiye shi nan gabanmu, ki rantse da Allah daga cikin motar ya fito, kuma shi ke nan ba wani. In kin yi, rumfa taki, ni da bakina na faɗa. In ba ki yi ba, ki kwashe kayanki yau, kada in sake ganinki kan tayar nan."

Na ce na yarda.

Na hura garwashi. Na riƙe kasko bakin ragar gilashi, hayaƙin ya tsaya yana yawo, da ƙyar wani sili ya shiga. Na ja sandar da ke sa mota ta shaƙi iskar cikinta, na kai kasko wajen ƙafar fasinja. Fanka ta ja shi da ƙarfi, amma ya fito siriri ta fuska, siriri ta ƙafa, siriri ta gilashi. Toshewa biyu ke nan, ɗaya a baki, ɗaya a saƙa. Na ajiye kasko nesa, na sa aka tada inji da kilim, na leƙa ƙarƙashin mota. Ƙasa a bushe, ko ɗigo. Gumin saƙa ba ya fita, yana taruwa a ciki. Sai na kai hancina bakin tiyo. Ba warin ɓera ba ne, ba na tsumma ba. Ƙamshin tsiro ne, irin na geron da aka jiƙa aka rufe da buhu za a yi kunun zaƙi. A shekarar nan ba gidan da ke jiƙa gero don kunun zaƙi.

Na ɗaga kai na dubi mutane. Sallau ya naɗe hannu. Alhaji na jan carbi. Darakta na fifita da takarda. Malam Isufu kuwa yana goge fitilar gaba da tsumma, fitilar da ya riga ya goge sau biyu ina gani.

Aka kira azahar. Maza suka tafi masallaci, Alhaji ya ce daga can su wuce zaurensa su sha inuwa kafin in gama. Malam Isufu ya ce shi zai yi salla nan, ya tsare mota. Da suka ɓace na kwance ragar gilashi. Kawunan ƙusoshin suna ƙyalli, an juya su ba da daɗewa ba, kuma da bakin wuƙa. Na zura hannu. Ƙyalle na taɓa, cike dam. Na jawo. Ƙafar tsohon wando ce, an ɗinke ta kai da gindi. Na jawo ta biyu. Ta ukun ta gogu da ƙarfe saboda gargadar hanya, ta huje, rabinta ya zube ciki.

Na ce, "Malam Isufu, zo ka riƙe mini madubi."

Ya zo. Na ce, "Na rabo ne?"

"Wallahi, Inna, ba na rabo ba ne. Duba ƙwayar."

Na zuba kaɗan a tafin hannu. Abin da ake rabawa lokacin jar dawa ce ta wata ƙasa, mai taurin kai a turmi. Wannan geronmu ne na Damargu, ƙanana, zaɓaɓɓe, an gauraya shi da toka don ƙwari.

Ya ce, "Iri ne. Na gonar babana. A rumbu na bar shi aka taɓa. Na binne a tulu cikin ɗaki, uwar yara ta gano. Ban ga laifinta ba, kuka suke mata. Saura ke nan. Na rasa inda hannun gida ba ya kaiwa sai nan."

"Ba ka san nan ne hancin mota ba?"

"Na ga rami ne, Inna. Na ce wata biyu kawai, ruwa ya sauka in kwashe."

"In Darakta ya gani fa?"

"Motar rabo, gero a ɓoye. Wa zai tsaya duba ƙwaya? Aiki ya tafi, irin ma a karɓe." Sannan ya ce, "Na ji abin da kuka yi da Alhaji. Nuna musu. Ke ma da yara."

Na ce, "Riƙe madubin daidai."

Na sa ƙafafun wandon cikin kwandona, na ɗaure mai hujin da zare, na rufe da tsummoki. Sannan na kwanta na buɗe akwatin saƙa ta ƙasa. Ku saurara nan, ku masu tukunya. Ƙwayoyin da suka zube sun bi ta fanka sun faɗa gaban saƙa. Kaɗan suka shiga ɗan tiyon ɗigo suka toshe shi, ruwa ya taru. Sauran suka sha suka tsiro. Fararen saiwoyi sun shiga kowane rami na saƙar sun saƙe ta kamar tabarma, ga ƴan ganye rawaya da ba su taɓa ganin rana ba. Daga Tanut har Belbeji ba inda gero ya sami ruwa shekarar nan sai cikin motar Darakta.

Saƙa ba a sa mata ƙarfi, ramukanta sun fi ɓawon albasa laushi. Da wayar keke na ɗaga tabarmar saiwar daga gefe, da tsinken tsintsiya na bi ramuka layi-layi, da gashin kaza na share, da famfon keke na hura ta baya. Na tsokani tiyon ɗigo, ruwa ya zubo ya kai ludayi biyu. Na cire fanka na girgiza, ƙwayoyi suka zubo, Malam Isufu ya durƙusa ya tsince su ɗaya-ɗaya ya sa a aljihu. Tsiron na kai wa akuyar mai shayi da ke ɗaure bayan rumfa, kafin in wanke hannu ta gama da shi. Na mayar da komai daga hagu zuwa dama. Muka yi salla, shi a gefen mota, ni a bayan rumfa. Zafin ranar ya riƙe mazan a zaure har kusan la'asar.

Da suka dawo na ce Darakta ya shiga ya kunna. Iska ta kwashe takardun da ke cinyarsa ta watsa su kujerar baya. Ya riƙe hannunsa gaban tiyo ya daɗe bai janye ba. Ya yi mini godiya da Faransanci da Hausa, ya ce sun makara, ana jiransu a Belbeji. Malam Isufu ya ja mota suka tafi.

Alhaji ya zauna kan benci ya ce, "To, Barira. Iska ta zo. Ina abin?"

"Na fitar."

"Ina yake?"

"Ba zan nuna ba."

Sallau ya ce, "Ai na faɗa, Alhaji."

Yashi na nan ƙarƙashin ƙafata, tsummoki na nan cike da kwando. Da na ɗebi ɗaya na ajiye, da an gama. Amma da rantsuwa aka ce, ni kuma ban taɓa sa sunan Allah kan abin da ban fitar ba. In kuwa na faɗi gaskiya gaban Sallau, kafin magariba ta kai tasha, kafin gobe ta kai kunnen Darakta.

Alhaji ya ce, "Ke kika yarda da bakinki."

"Na yarda."

"To faɗi mana."

Na ce, "Yaya Alhaji, abin da na gani cikin motar mutum ba na baje shi kan benci. Kun ga iska, kun ji ta a fuskarku. In ba ta ishe ku ba, ga rumfarku."

Na ɗauki kwandona, na mirgina tayata na tsallaka hanya. Akwai wata aduwa a can gefen, inuwarta ba ta kai rabin ta rumfa ba, ga ƙaya. Na share gindinta na zauna ina fuskantar rumfar, don su riƙa ganina kullum.

Watan farko mota biyu kaɗai suka tsallako. Muka ci ganye da dusa kamar kowa, babbar ƴata ta riƙa ɗebo ruwa ana ba ta tsaba. Malam Isufu ya zo da hantsi wata ranar kasuwa ya karɓi kayansa a ƙofar gidana. Ruwa ya sauka shekarar, ya shuka. Abin da Allah ya ba shi ban tambaya ba. Shi bai gaya wa kowa ba, ni ban gaya wa kowa ba, sai yau da ƙasa ta daɗe da rufe shi. Motoci dai suka riƙa ƙaruwa a gindin aduwa da kaɗan-kaɗan, yawanci waɗanda aka hura wa gaz sau biyu a can tsallake.

Bayan kaka ina kwance cikin wata motar gishiri ta Agadas, kaina ƙarƙashin allo, sai na ga takalman Alhaji sun tsaya bakin ƙofa. Bai taɓa tsallakowa ba sai ranar.

Ya ce, "Barira."

"Yaya Alhaji, sannu da rana."

"Mutane na magana. Wai na kori marayun ƙanena zuwa gindin itace."

"Ai ka kore su."

Ya yi gyaran murya. "Ni kaɗai za ki gaya wa. Ba rantsuwa, ba Sallau. Me kika fitar daga motar nan? Ki faɗa, gobe ki koma rumfarki."

Na ce, "Mai motar ma bai ji ba, balle kai. Miƙo mini turnabis ɗin can mai jar ƙota."

Na miƙa hannu waje ban fito da kaina ba. Har na ɗauka ya tafi. Sai na ji ƙarfen a tafin hannuna, ya sa mini shi ta wajen ƙota. Takalman suka juya suka tsallaka hanya. Ban koma rumfar ba. A gindin aduwar nan na aurar da ƴaƴana huɗu.